Kaleiçi, Bayan Baƙi Sun Watse

Shekarar fari na zo miki baki buɗe,
har ƙyauren banɗaki sai da na ɗauka hoto.
Lemo a bishiya kan titi, ba mai tsinka,
teku a ƙasa, kamar an tsamo shi daga marina.

Shekara ta biyu na gane kuɗin shayi:
lira goma a unguwarmu, nan hamsin.
Mai dardumar nan ya kira ni aboki
da harshe huɗu, ba ko ɗaya nawa.
Sai na riƙa zagaye ki
kamar mai bina bashi na zaune a hanya.

Ruwan Janairu ne ya koro ni rumfarsa.
Tebura a kife, kyanwoyi sun gaje kujeru.
Cevdet bai ce in saya ba.
Ya zuba shayi, ya nuna otal ɗin tsallake:
"Taga ta uku. Nan aka yanke min cibiya.
Yanzu kwana ɗaya, cinikina na sati."

Muka yi shiru, ruwa na bin duwatsun titi.

Har yau da zafi ba na leƙo ki.
Amma in sanyi ya kama
nakan sayo burodin riɗi biyu,
mu zauna, baƙo da ɗan gari,
muna kallon tagar da ba a kunna wa fitila.