Sifili a Dadin Kowa

Tun hantsi allon ke nuna sifili,
alhali iska na marin tafkin Dadin Kowa
har ruwa ya tattare goshi.
Filafilin jirgi ya cika ya batse,
na'ura kuwa ta rantse ko ganye bai motsa ba.

Injiniya Yila, mai jirgin, ya ce,
"Bappayo, kai ka san yaren wayoyi,
tambaye ta abin da aka yi mata."

Na fara da batir, don mai jin yunwa ba ya shaida.
Sha biyu da ɗigo shida. A ƙoshe yake.
Na zaro fiyus, na ɗaga shi a rana,
zarensa lafiya lau.
Na bi waya da yatsa, ja, baƙa, ruwan ɗorawa,
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa,
ta ƙarƙashin benci, ta bayan jarka,
har inda ɓera ya ɗanɗana roba
ya ji ba gishiri, ya bari.
Na naɗe wurin da salatif.
Sifili.

A gindin sanda akwai mahaɗa.
Na buɗe, tagulla ta yi kore shar,
damina ta kwana a nan ba ta biya haya ba.
Na kankare da bakin wuƙa, na hura, na mayar,
na ce, to, yanzu kam.
Sifili.

Saura sama.
Sandar nan kamu ashirin ce,
ni kuwa ko giginyar bayan gidanmu ban taɓa hawa ba.
Suka ɗaura mini igiya a ƙugu,
Yila na ja, ɗansa Lamela na sakin dariya,
ni ina karanto duk addu'ar da na tuna,
har da ta shiga kasuwa.

Daga can, gonakin shinkafa sun koma tabarmi,
jirgin ya koma takalmi ƙafa ɗaya.
Ga 'yan ludaya uku da aka halitta don juyi
sun ƙame kamar an tsawata musu.
Ga kibiya na nuna Deba, ba ta ƙiftawa.
Na leƙa wuyan ƙarfen,
ashe zanzaro ne ya yi gini,
ɗaki biyu na jar laka, shafe tsaf,
yaɓen da ba kowane magini zai iya ba.
Maigidan da kansa ya zo,
siririn ƙugu, yana kewaya kunnena
yana neman takardar izini.

Na ce, yi haƙuri, maƙwabci,
ka zaɓi fili mai kyau, amma a kan hanya.
Na rushe da bakin sukundireba,
laka ta zuba a tafki ba ko ƙara.
Ɗigon mai biyu.
Na tura ludayi guda da yatsa,
sauran suka bi shi a guje.

Na sauko gwiwa na kaɗawa,
na duba allo.
Sifili.

Na ɗauko filaya zan koma farko,
baƙar magana ta riga ta iso leɓe,
sai Lamela ya taɓa ni, "Kawu, ɗaga kai."
Filafili ya saki jiki kamar wanki a igiya.
Ruwa ya kwanta, faranti guda.
Iskar ta tattara nata ta bi Gongola
ba ta yi wa kowa sallama ba.

Sifilin safe ƙarya ne,
na yamma gaskiya,
kuma fuskarsu ɗaya.

Muka zauna muna ɓare gyaɗa,
ɓawo na yawo a gefen jirgi bai san inda za shi ba.
Can la'asar sakaliya allo ya yi motsi,
ɗaya,
ɗaya da rabi,
biyu.
Yila ya miƙe ya kama igiya.

Na ɗaga kai in gode wa ludaya,
sai ga zanzaro ya dawo
da sabuwar laka a bakinsa.