Daren Tafiya Marwa

Goma ta gota a Garwa,
zafi bai ji labarin dare ya yi ba.
Fanka na juya iska ɗaya tun magariba,
ni kuma ina juya jaka ɗaya,
in cusa, in zazzage, in sake cusawa.

Baban Tanimu ya ce da asuba za mu ɗaga.
Na ce to.
Shekara goma sha ɗaya ina ce masa to,
ba mu taɓa wuce Fitowa kafin hantsi ba.
Yana can ƙofar gida, tocila a baki,
rabinsa ƙarƙashin tsohuwar mota mai tari,
yana lallaɓa ta kamar ya je biko.

Na soya kifin Binuwai, na naɗe a takarda,
mai ya riga ya huda ta.
Zoɓo gora huɗu na kwance a firjin maƙwabta,
Allah ya sa kar a ɗauke wuta.
Lemon tsami don Uwani,
wadda cikinta ba ya shiri da kwanar Figil,
da leda uku, don lemon ba kullum yake cika alkawari ba.
Takardun haihuwa a saman komai,
jandarma ba ya son a ce masa bari in duba.
Dala ɗari-ɗari na kuɗin hanya
na ƙulle a bakin zane.

Tanimu ya cika aljihu da marafan kwalba,
wai dukiyarsa ce, ba ya barin ta a hannun ɓeraye.
Ya ce shi ne a taga.
Uwani ta ce ita ce a taga.
Na ce motar taga biyu gare ta a baya,
suka ce ai waccan ba ta kallon duwatsu.
Sau biyu ina ciro kyanwa daga akwati,
sau biyu ana rantse mini ita ta shiga da kanta.

Sidi kuwa ya yi barci da takalmi a ƙafa,
igiya a ɗaure, hagu a dama,
kada gari ya waye a tafi a bar shi.
Na kai hannu zan cire, na fasa.

Bai san Inna ba.
Wancan zuwan yana ciki, yana harbin haƙarƙarina.
Yanzu an ce idanunta sun yi hazo,
sai ta shafa fuska take kiran suna.
Shi ya sa na zaunar da Uwani tun la'asar,
tana kuka ina ja,
na yi mata kitson da Inna ke yi mini,
mai layi bakwai da ɗan karkace a ƙeya,
don in yatsunta sun bi ta kai
su gane hanyar gida.

Na sa turmin atamfa, na sa sabulu,
na sa zumar da take so.
Abin da zan faɗa mata na shekara huɗun nan
shi ne ban samo masa jaka ba.

Ladan ya kira. An kawo zoɓo, rabi ya narke.
An ɗaure katifa a sama, an kwance, an sake ɗaurewa.
Makulli ya ɓata, yana hannun mai nemansa.
Muka yi bisimilla, muka tofa,
mota ta yi tari uku ta yarda.
Rana, kamar kullum, ta riga mu fita.

Ba mu kai ƙarshen layinmu ba
Tanimu ya ce yunwa,
Uwani ta ce fitsari,
Sidi ya buɗe ido ya ce, mun iso?
Daga can ƙarƙashin kaya kuma
wani abu ya ce miyau.