Takardar Baladiyya

Da hantsi suka manna ta a ƙofa,
farar takarda mai shuɗin hatimi.
Na jira Mu'ayyad ya taso daga makaranta,
shi da aka yanke wa cibi a nan Jidda,
Larabci ya fi zama daram a bakinsa.
Ya karanta, ya ɗago, ya sake dubawa.
"Kaka, sun ce cikin gari ba wurin kiwo ba ne.
Kwana uku. In an wuce, tara."
"Tarar nawa?"
Ya faɗi riyal ɗin. Na lalubi bango na zauna.

Kyalla tana can saman bene,
tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya.
Matakala sittin da huɗu ce tsakaninmu,
na san kowace da gwiwata.
Cikin zani na hau da ita tana 'yar wata guda,
yau ƙahonta ya kai tsawon ludayi.
Ɓawon kankana take ci, da busasshen burodi
wanda mai gidan burodin lungunmu ke tara mini,
ta mayar mini da shi madara rabin kwano.

Na san wanda ya kai ƙara.
Ba zan kama suna ba, muna gaisawa.
Matarsa ce ta sha nonon nan wata biyu
lokacin da ciki ya hana ta riƙe komai.
To, wari gaskiya ne, kuka ma gaskiya ne,
akuya ba ta san mutum ya kwana wurin aiki ba.

Amma ku dubi kyanwoyin unguwar nan,
sun fi mu yawa a bakin bola,
babu mai manna musu takarda.
Tantabaru na sauka inda suka ga dama.
Mu'ayyad ya ce can arewacin gari
akwai magen da ke da katin asibiti,
da hotonta, da ranar allurarta.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Shekara talatin da ɗaya ina neman kati mai hotona,
ashe mage ta riga ni.

Daren na biyu na hau na zauna kusa da ita.
Iskar teku na kawo gishiri da ƙarar motoci.
Na ce, Kyalla, ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu,
duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa gabanmu faɗuwa yake.
Ta ci gaba da tuƙa,
ta kamo bakin mayafina tana ja.

Ran na uku Ɗan'azumi ya zo da a-kori-kura.
Yana da garke a bayan gari, inda kwalta ta ƙare.
Saukowa ta fi hawa wuya.
Ta turje a hawa na biyu, daidai wata ƙofa,
ta zuba musu 'yan ƙwallaye baƙaƙe, ta wuce.
Ban share ba.
Allah Ya yafe mini, sai da la'asar na share.

Ma'aikacin ya dawo da safe, yaro ne ƙarami,
ya hau yana haki, ya duba, ya yi rubutu.
Ya ga kwanon dusa, ya ga igiya a ƙarfen tanki,
ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce kakarsa ma tana da irinta a ƙauye, ja.
Na ba shi ruwa, ya sha a tsaye.

Yanzu unguwa tsit, kowa na barcinsa.
Mai burodi bai daina tara mini ba,
ni ma ban faɗa masa ba.
Sabo turken wawa, na sani.
Da asuba ina ƙirga sittin da huɗu,
in zuba a ƙasa, in koma gefe,
tantabaru su sauko.