An Riga An Biya

Kububuwa ba ta tambayi sunana ba.
Ina tsaka da tugar gyaɗa a gonar Ture
ta sare ni a diddige, ta shige ƙarƙashin harawa.
Ni, Kefas Lamela, dattijon ikilisiya,
mai cire zakka tun buhu bai shiga rumbu ba.

A kan babur aka kai ni Kaltungo,
jini na tsattsafowa daga dasashina.
A hanya ina ta lissafi da Allah:
kwanon rufin coci, bandir biyu nawa ne,
marayan Yila ni na biya musu makaranta,
bakina bai san ƙwaryar burkutu ba.
Ina ƙirge, ƙafa tana kumbura.
Dafi bai iya lissafi ba.

Gadon da ke kusa da nawa, Molta ne a kai,
ɓarawon awaki,
wanda ni da bakina na ce a sa shi a horo.
Irin kwalbarsa aka ɗaura mini,
ruwan na ɗiga a jijiyarsa, yana ɗiga a tawa,
ba wanda aka ƙara wa ɗigo.

Kwana uku, na kwance bakin zanen matata
na miƙa kuɗin gyaɗar bara.
Nas Rahila ta naɗe mini yatsuna a kansu:
"Baba, mayar. An riga an biya,
tun macijin bai gan ka ba."

In faɗi gaskiya, wannan ta fi saran zafi.
Hannun da ya saba bayarwa
bai san yadda ake buɗewa a karɓa ba.

Da dare, ina duban Dutsen Kilang ta taga,
na tuna wani tudun, da wanda aka ɗaga a kansa.
Shekara arba'in ina rera sunan Yesu
ina ɓoye rasit a aljihu,
ko zai nemi ciko.
Bai nema ba.
Jininsa bai bar saura ba, balle in kawo canji.

Har yau ina cire zakka,
amma ba farashi ba ce, godiya ce.
Ran Lahadi ina ɗingisawa zuwa bencin baya,
Molta ya matsa mini wuri.
Gurasa ɗaya ake gutsura mana,
ni da shi, hannu wofi.