Takun Tela

Ranar da aka auna ni a asibitin Auyo,
malamar ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce, "Haladu, jininka ya hau,
sukari kuma yana bin sawunsa."
Na ce, "Ni da ba na riƙe da bashin kowa,
me jinina ke nema a sama?"

Mudassir ne ya karɓi wayata da dare,
ya latsa nan, ya shafa can,
ya sa mini manhaja mai hoton tafin ƙafa.
"Baba, taku dubu bakwai kullum.
Ba ta gyangyaɗi, ba ta cin toshiya."

Washegari na jefa ta aljihun wando,
na hau keken ɗinki.
Babbar sallah saura kwana tara,
yadin mutane ya kusa taɓo kwano.
Ƙafa na lilo, allura na sassarfa,
kafin azahar sai ga ta tana guɗa:
dubu goma sha ɗaya!
Har da kofin zinariya.
A lissafinta na ci rabin hanyar Haɗejiya,
alhali ko bakin kwata ban taka ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Wata guda ina nuna wa 'yan majalisa,
Ilu mai faci yana jinjina mini,
yana cewa, "Tela, ashe barewa ne kai a ɓoye."

Wajen abinci kuwa mun sha rigima.
Wai in ɗauki hoton kwano kafin in sa hannu.
Hansai ta kawo tuwon dawa miyar kuka,
ta yi jim, ta yi jim,
ta kira shi da sunan da ko Mudassir bai iya faɗa ba.
Dambun zogale, ba ta san shi ba.
Fura, ta ce in sake ɗauka.
Amma shayin Ɗan'azumi,
cokali huɗu, madarar gwangwani, rabin burodi,
wannan ta gane shi tun daga nesa,
ta yi jawur kamar garwashi.
Sai na daina ɗaukarsa hoto.

Da na koma awo, malamar ta duba wayar,
ta duba hannuna da ke cikin matsi,
ta ce, "Wannan ta yi tafiya, ba shakka.
Kai ne dai ban ga alamar ka raka ta ba."

Da dare na ɗauko tef ɗina.
Shekara talatin ina zagaya cikin mutane da shi,
mai cewa ya rame, mai cewa yadin ne ya tsuke,
ina murmushi ina rubuta gaskiya a littafi.
Na zagaya nawa.
Arba'in da huɗu.
Tef bai ba ni kofi ba.

Yanzu in an sallame asuba
ba na komawa shimfiɗa.
Ina bi ta bayan makabarta, in yi wa iyayena sallama,
in gangara fadama,
inda shinkafa ke riƙe da raɓa
balbelu na tsaye kamar masu jiran ɗinki.
Gwiwa tana ƙara, numfashi yana gardama.
Wata rana dubu huɗu,
wata rana ko uku ba ta cika,
wayar ta yi shiru kamar mun ɓata.
In dawo da rama a hammata,
shayi cokali ɗaya, ina sha ina ɓata fuska.

In zan hau keke, sai in ciro ta
in ajiye kusa da almakashi:
zauna nan, kada ki yi mini shaidar zur.

Jiya Hansai ta ce wandon Juma'ata yana zamewa.
Ban gaya wa majalisa ba.
Na jira kowa ya watse,
na kunna fitila, na farke ƙugun,
na rage inci ɗaya da rabi.