Allon Bakin Ƙofa

Shekara goma sha ɗaya ina zaune a gindin allon nan.
Shuɗi ne a da, rana ta lashe shi ya koma ruwan toka.
Dokoki goma sha shida.
Bokona bai taka kara ya karya ba,
amma na san su kamar haƙoran bakina,
har da gurbin wanda ya faɗi.

Ɗalibai kan wuce shi, kai sunkuye cikin waya.
A wurinsu fenti ne da ƙarfe.
Ni kuwa kowane layi, fuskar mutum nake gani.

Ta huɗu: ba a jona hita a ɗakin kwana.
Wannan Yahanasu ce.
Ruwan shayi ta ɗora, aka ɗauke wuta, ta wuce aji,
wuta ta dawo, ita ba ta dawo ba.
Katifa shida, littattafan mutum takwas,
da hannun Tasi'u abokin aikina da ya ɓalle ƙofar.
Har yau da hagu yake karɓar albashi.

Ta tara: babur ya tsaya a waje.
Nafi'u ke nan, ɗan Kurna, mai son a gan shi,
ya ɗaga gaban mashin a ƙofar ɗakin karatu.
Ƙafar da ta karye ba tasa ba ce.

Ta sha biyu da ƙananan baƙaƙe aka rubuta ta:
malami ba ya ganin ɗaliba ofis a kulle.
Sunan wannan ba zai fita daga bakina ba.
Wata Laraba ta bi ta nan, ba takardar gamawa,
ta ce, "Baba, a yafe mu."
Shi kuma aka sauya masa wurin aiki.

Ta farko ita ce tawa: ba kati, ba shiga.
Baba Ina-Kati suke ce mini a bayan ido,
ina ji, kunnena bai tsufa ba.
Na mayar da ɗan mai kuɗi, na mayar da ɗan ƙanwata,
na taɓa zare wuƙa daga cikin safar wani yaro
da ya rantse ta feraye lemo ce.

Amma sau ɗaya na ci amanar allon.
Kubura, daga Ɗorayi, da goyo a baya,
saura minti bakwai a raba takardar jarrabawa,
katinta ya tafi Kabuga a kujerar adaidaita sahu.
Ba ta roƙe ni ba. Tsayawa kawai ta yi, leɓe na rawa.
Sai na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmi,
alhali silifa ne a ƙafata.
Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke kuɗin kwana uku.
Bara ita ta auna mini hawan jini a asibitin unguwa,
ta hana ni gishiri, fuska a murtuke.
Na ce to, kowa da allonsa.

Abin da ke hana ni barci ba ya cikin sha shidan.
Fitilar bayan ɗakin gwaje-gwaje ta mutu tun azumi.
Sau huɗu na kai ƙara, an ce takarda tana sama.
Nan 'yan ajin yamma ke bi su fita titi,
nan masu ƙwacen waya suka gane katanga ta yi gajere.
Don haka bayan isha'i nakan bar wa Tasi'u ƙofa,
in ɗauki tocila da gorata,
in raka su biyu-biyu, uku-uku, har su sami abin hawa.

A ƙasan allon akwai fili, kamar faɗin tafin hannu,
mai fenti ya bar shi ko za a ƙara wata.
Kullum da asuba nakan goge wurin da hannun riga,
ina roƙon Allah in yi ritaya
ban san sunan ta goma sha bakwai ba.