Dutsen Awakin Iya

Liman bai sallame ba Baba ya gama ɗaure kaya:
tabarma biyu, jarkar ruwa, kwanon dambu,
da tayar ko-ta-kwana wadda ita ma iska take nema.
Mu bakwai a motar mutum biyar.
Iya Dudu a gaba, carbi a hannu,
ita da ta ce ba za ta ba
ita ta riga kowa shiga.

Muka tsallake gadar Binuwai, Garwa na hamma a bayanmu.
Mata na wanki a ƙasa,
zannuwa shimfiɗe kan yashi kamar an baje kasuwa.
Tasalla ta soma ƙirga kuka, ta kai sha tara
barci ya karɓe mata lissafi.
Auduga ta fashe hagu da dama,
Garga ya ce girgije ne ya sauko kiwo.

A Ngong jandarma ya leƙo, ya ƙirga kawuna,
ya dubi takarda, ya dubi Iya,
ta ce, "Ɗana, ka karya kuwa?"
ta miƙa masa ƙullin gyaɗa.
Ya ɗage igiya yana dariya.

Daga nan hanya ta karkata, ta yi ta hawa,
motar na tari, Baba na lallashinta da suna.
Sai kwatsam tsakanin duwatsu biyu
ƙasa ta ƙare.
Ruwa! Ruwan Lagdo, har inda ido ya gaji,
tsibirai a kwance cikinsa
kamar shanun da suka ƙi fita daga mashaya.

Bakin gaɓa sai ƙarni da hayaƙin banda,
koma na shan rana, yara na ɗinke kalli,
wata mata na yanka giwan ruwa da ya fi Garga tsawo.
Umma ta taya, aka ƙi, ta juya, aka kira ta.
Muka ci karfasa da yatsu biyar-biyar,
yaji ya sa Baba hawayen da ba mu taɓa gani ba.

Na'Allah mai kwalekwale ya ce jaka uku,
zai kai mu tsibirin can mu ga agwada.
Inji ya tashi, zalɓe ya tashi,
Umma ta riƙe mu da hannu, ta riƙe Allah da baki.
Can nesa dorina ta fito da kunne
ta mayar, ba ta ga abin kallo a wurinmu ba.

Muna tsakiya Iya ta ce, "Kashe injin."
Ya kashe.
Ta daɗe tana duban tsibiri, sannan ta dubi ƙasan jirgi.
"Wancan ba tsibiri ba ne.
Dutsen da nake kai awaki ne.
Ga tsagar da nake ɓuya in hadari ya taso.
In haka ne, nan muke kan rijiya,
gidanmu gaba kaɗan,
tsamiya daga dama, kabarin babana a gindinta."

Babu wanda ya yi magana.
Ruwa na lasar katako, lap, lap.
Na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata
da wani ɗan kifi yana ratsa ta.

Ta sa hannu ta ɗebo, ta shafa a goshi,
ta yi sallama kamar mai shiga zaure,
ta ɗan jira amsa.
Sannan ta ce, "To, mu je ku ga agwadar taku.
Kakanninsu sun sha jifana."

Da yamma muka juyo, rana na narkewa a tafki.
Tasalla ta cika aljihu da bawon kawa,
Garga na ta ba Baba labarin dorinar da duk muka gani.
Taya ta fashe kusa da Ngong, muka zauna bakin titi.
Iya ta kwance bakin zane,
sai ga ɗan tsakuwa daga dutsen,
ta juya shi, ta juya shi,
ta ɗaure shi wuri ɗaya da goronta.